A daina yi wa mutane kuɗin goro: irin tarihin da muke so a koya wa 'ya'yanmu



Darasin tarihi ya dawo makarantun firamare da ƙananan sakandare. An cire shi daga manhajar ilimin matakin farko a gyaran da aka yi a 2007, aka cusa guntayensa cikin darasin zamantakewa. Yara suka yi shekara fiye da goma suna gama makaranta ba su san wane ne Modibbo Adama ba, balle su san abin da ya haddasa Yaƙin Basasa. A watan Nuwamba 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da dawo da darasin, ta ce ta zaɓi malamai 3,700 domin horon zagayen farko, wato ɗari-ɗari ga kowace jiha da Abuja. A 2025 kuma aka sake sanar da cewa ya zama dole tun daga aji ɗaya na firamare har zuwa aji uku na ƙaramar sakandare.

Abin murna ne. Sai dai malami ɗari a jiha mai ƙananan hukumomi 21 ko biyar-biyar ba su kai ba. Ko da ma malaman sun wadata, akwai tambayar da ta fi wannan nauyi: wane irin tarihi za a koya wa yaranmu na Ajiya da Rumde da Luggere da Doubeli? Domin yaran nan ba jiran aji suke yi ba. Tuni suna ɗaukar darasi a majalisa, a tashar mota, da cikin bidiyoyin da ake turawa a WhatsApp. Kuma darasin da suke ɗauka guda ɗaya ne: ƙabila kaza duk mugaye ne, mu kuma kullum mu ake zalunta.

Ga matsayinmu tun daga farko, kowa ya ji. Laifi na wanda ya aikata shi ne, da sunansa. Ba a gadonsa, ba a kuma raba shi ga ƙabila kamar kason layya. Amma sanin abin da ya faru, da faɗinsa ba ragi ba ƙari, nauyi ne a wuyan kowa. Mutanen kirkin da suka ƙi bin ayarin ɓarna kuwa, a koyar da sunayensu domin a yi koyi da su, kada a mai da su sabulun da za a wanke sauran jama'a da shi.

Mu Hausawa ba ma buƙatar a yi mana bayanin zafin kuɗin goro. A ƙarshen watan Maris 2025 aka tare mafarauta a Uromi ta Jihar Edo, suna kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano domin yin Sallah a gida, aka kashe 16 daga cikinsu, wai masu garkuwa da mutane ne. Babu wanda ya tambayi sunan ko ɗaya daga cikinsu kafin a cinna wuta. A watan Mayu 2022 aka harbe wata mata 'yar asalin jiharmu, tana da juna biyu, tare da 'ya'yanta huɗu a Jihar Anambara. A Fabrairu 2021 rigimar mutum biyu a kasuwar Shasha ta Ibadan ta koma ƙone rumfuna da gidajen mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Duk lokacin da irin wannan ta faru muna kuka, kuma kukanmu gaskiya ne. Abin da muke faɗa shi ne: me ya haɗa mai sayar da albasa da ɗan bindigar daji, ban da harshe ko hula?

To amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ku saurari yadda ake ba yaranmu labarin 1966. Ana gaya musu cewa a ranar 15 ga Janairu aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad, kuma gaskiya ne. Sai a rufe da cewa "Igbo ne suka kashe su", a tashi. Ba a cewa wasu ƙananan hafsoshi ne masu sunaye, irin su Nzeogwu da Ifeajuna. Ba a cewa cikin waɗanda aka kashe a wannan dare har da Laftanar Kanar Arthur Unegbe, wanda shi ma Igbo ne. Ba a kuma kai yaro ga watan Mayu da Satumba da Oktoba na wannan shekara, lokacin da aka kashe dubban 'yan Kudu maso Gabas a garuruwan Arewa: teloli, akawuna, ma'aikatan jirgin ƙasa, mata da yara, waɗanda ba su taɓa ganin Nzeogwu da idonsu ba. A can Gabas kuma ana ba nasu yaran rabin da muka bari, a ɓoye rabin da muke faɗa. Kowa ya riƙe rabin ƙwarya yana cewa tasa ce cikakkiya.

Ba sai mun je nesa ba. A watan Nuwamba 2017 aka auka wa rugagen Fulani a yankin Numan, aka kashe mutane da dama, akasarinsu mata da ƙananan yara. Farkon Disamba aka kai harin ramuwa a ƙauyukan Bachama irin su Lawaru da Dong, aka sake kashe wasu da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Jaririn da aka kashe a ruga, gonar wa ya cinye? Tsohuwar da aka ƙone wa ɗaki a Dong, rugar wa ta shiga? Lissafin duka ɓangarorin biyu iri ɗaya ne da na mutanen Uromi.

Akwai al'ummar da ta yi fama da wannan tambaya fiye da kowa a duniya, wato Jamusawa. Kuma mu 'yan Adamawa ba baƙinsu ba ne. Bayan Turawan Ingila sun ci Yola a watan Satumba 1901, Lamiɗo Zubairu ya gwabza da sojojin Jamus a Garwa a ƙarshen wannan shekara, sannan a Marwa a farkon 1902. Mubi da Michika da Madagali duk sun zauna ƙarƙashin tutar Jamus har zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma sai bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 suka zama cikakken ɓangare na Najeriya. Saboda haka in mun kalli Jamus, tsohon sani muke kallo.

Tsakanin 1933 da 1945 gwamnatin Hitila ta jefa duniya cikin yaƙi, ta kashe Yahudawa kimanin miliyan 6, tare da miliyoyin wasu mutane a Rasha da Folan da sauran wurare. Hitila ba shi kaɗai ya yi ba. A zaɓen Maris 1933 jam'iyyarsa ta sami kusan kashi 44 cikin ɗari na ƙuri'u, kuma zuwa ƙarshen yaƙi 'ya'yan jam'iyyar masu kati sun kai kimanin miliyan 8. Akwai direban jirgin ƙasan da ya kwashi mutane zuwa sansanin mutuwa, akwai akawun da ya rubuta sunayensu, akwai maƙwabcin da ya sayi kujerunsu da araha a gwanjo.

Amma akwai waɗanda suka ce a'a. Georg Elser kafinta ne, shi kaɗai ya dasa bam a zauren da Hitila zai yi jawabi a birnin Munik ranar 8 ga Nuwamba 1939. Hitila ya fita minti 13 kafin bam ɗin ya tashi. Akwai ɗaliban jami'ar Munik da suka kira kansu Farin Fure, suna rarraba takardu a ɓoye suna tona asirin kashe-kashen. Ranar 18 ga Fabrairu 1943 ma'aikacin da ke kula da ginin jami'ar ya ga Sophie Scholl da yayanta Hans suna watsa takardun, ya miƙa su. Kwana huɗu bayan haka aka sare musu kai tare da abokinsu Christoph Probst. Sophie shekararta 21. Akwai Kanar Stauffenberg da ya ajiye bam a ɗakin taron Hitila ranar 20 ga Yuli 1944. Akwai fasto Dietrich Bonhoeffer da aka rataye a Afrilu 1945, saura wata guda yaƙi ya ƙare.

Yanzu ku duba abin da mutane ke yi da waɗannan sunaye. Wasu su ce ba su da wani amfani, Bajamushe Bajamushe ne, duk 'yan Nazi ne. Wannan zalunci ne ga yarinyar da ta ba da wuyanta, kuma shi ne ainihin tunanin Hitila, wanda ya yanke wa mutane hukunci da jininsu. Wasu kuma su ɗaga hoton Sophie su ce ku gani, ai mu ma mun yi turjiya. Wannan ƙarya ce mai kyan riga. Jamusawan da aka tabbatar da sunayensu a hukumance cewa sun ceci Yahudawa ba su kai dubu ɗaya ba, a ƙasa mai mutum kusan miliyan 70. A duk inda aka sami Sophie guda, akwai ma'aikacin da ya miƙa ta ya karɓi tukuici, da alƙalin da ya yanke mata hukunci, da ɗaruruwan ɗaliban da suka koma aji washegari. Hatta cikin masu shirin 20 ga Yuli akwai waɗanda hannunsu ba tsarkakakke ba ne: Arthur Nebe ya taɓa jagorantar rundunar da ta kashe dubban mutane a yankin Rasha.

A 1946 wani malamin falsafa, Karl Jaspers, ya raba wa 'yan ƙasarsa zancen gida huɗu. Akwai laifin da kotu ke hukuntawa, wannan na wanda ya aikata ne kaɗai. Akwai alhakin siyasa, wanda kowane ɗan ƙasa ke ɗauka saboda abin da gwamnatinsa ta yi da sunansa, kamar biyan diyya. Akwai alhakin zuciya, wanda kowa zai tambayi kansa: na gani, na yi shiru? Sannan akwai wanda ke tsakanin mutum da Mahaliccinsa. Ya ƙi yarda a kira al'umma ɗungurungum mai laifi, ya kuma ƙi yarda kowa ya kaɗe rigarsa ya ce ba ruwansa.

Kada wani ya ɗauka Jamusawa sun karɓi wannan da wuri. Shekaru bayan yaƙi da yawansu suna kiran su Stauffenberg maciya amana, har sai da mai gabatar da ƙara Fritz Bauer ya kai maganar kotu a 1952. Sai a 1963 aka fara babbar shari'ar ma'aikatan sansanin Auschwitz a birnin Frankfurt. A 1970 shugaban gwamnati Willy Brandt, wanda shi kansa ya yi gudun hijira daga Hitila, ya durƙusa a gaban wurin tunawa da Yahudawan Warso. Sai a 2009 majalisarsu ta soke hukuncin da kotunan soja suka yanke wa waɗanda aka kira maciya amanar yaƙi. Yau in ka bi titunansu za ka ga ƙananan tubalan tagulla a ƙofar gidaje, kowane ɗaya da sunan mutumin da aka ɗauke daga wannan gida da shekarar haihuwarsa da inda aka kashe shi. Sun haura dubu ɗari a ƙasashen Turai. Ana kai 'yan makaranta sansanonin su gani da idonsu. Ba a ce wa yaro shi mai laifi ne. Ana ce masa wannan ya faru a titinku, ka sani.

Duk da haka su ma suna da makauniyar kusurwa. Kisan ƙare-dangin da sojojinsu suka yi wa Herero da Nama a Namibiya tsakanin 1904 da 1908, sai a 2021 gwamnatinsu ta kira shi da sunansa. Wannan ya nuna kowace al'umma tana da ɗakin da ba ta son a buɗe. Ga kuma saƙo ga samarinmu da ke liƙa hoton Hitila a Facebook suna yabonsa saboda fushin abin da ake yi wa Falasɗinawa: mutumin nan baƙar fata bai ɗauke shi cikakken mutum ba. A 1940 sojojinsa sun ware sojojin Afirka ta Yamma da suka kama a Faransa, suka harbe su saboda launin fatarsu. Hukunta mutanen Gaza gaba ɗaya kuɗin goro ne, ɗora wa kowane Bayahude laifin wata gwamnati shi ma kuɗin goro ne. Ba a wanke najasa da fitsari.

Mu dawo gida. Mene ne namu ɗakin da ba ma son a buɗe? Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya bar kundin da aka riƙa rubuta masa al'amuransa na yau da kullum daga 1912 zuwa 1927. A ciki an lissafa hare-haren da ya tura kan mutanen duwatsu, har da Sukur, da yawan waɗanda aka kama bayi, fiye da mutum dubu, da waɗanda aka kashe. Turawan Ingila sun tuɓe shi a 1927, an kuma buga kundin da Turanci a 1995. Jikokin waɗanda aka kama suna nan tare da mu a Jimeta, muna haɗuwa a kasuwa da asibiti. Su ba su manta ba, kakanninsu sun ba su labari. Yaronmu ne kaɗai bai sani ba, shi ya sa in ya ji ɗacin maganar abokinsa sai ya ɗauka ƙiyayya ce kawai. Kada Bahaushe ya ce wannan lissafin Fulani ne, domin fataken Hausawa suna cikin masu sayen bayin ƙasar Adamawa suna kai su kasuwannin Arewa. Kada kuma kowa ya ce Bafulatanin da ke kiwo a Girei yau shi zai biya bashin Hamman Yaji.

Akwai ƙarshen Fabrairu 1984, zamanin Jihar Gongola, lokacin da mabiya Maitatsine ƙarƙashin Musa Makaniki suka tayar da fitina a Jimeta. Ɗaruruwa suka mutu, kasuwa ta ƙone, dubbai suka bar gidajensu. Dattawan unguwannin nan sun gani da idonsu. Yara nawa ne a makarantunmu suka san an yi? Da an koyar da yadda ƙungiyar ta yi ta tara matasa a idon jama'a tun daga Kano a 1980 da Bulunkutu a 1982, wataƙila da an fi saurin gane alamun abin da ya biyo baya a Maiduguri.

Akwai 6 ga Janairu 2012, ranar da 'yan bindiga suka buɗe wuta kan 'yan ƙabilar Igbo da suka taru zaman makoki a Mubi, aka kuma kai hari wani coci a nan Jimeta. Akwai faɗuwar Madagali da Michika, sannan Mubi a ƙarshen Oktoba 2014. Akwai bam ɗin masallacin Juma'a na Jambutu a Oktoba 2015, da na kasuwar kayan gwari a watan Nuwamba na wannan shekara. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san wutar ba ta tambayi addinin kowa ba.

Kuma mu ma muna da namu masu cewa a'a. Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ya fito fili ya soki aƙidar Muhammad Yusuf tun tana jaririya. An harbe shi yana limancin sallar Asuba a Ɗorayi, Kano, ranar 13 ga Afrilu 2007. Sheikh Albani Zariya bai ɓoye matsayinsa ba. Aka kashe shi tare da matarsa da ɗansa ranar 1 ga Fabrairu 2014. Sarkin Gwoza Idrissa Timta ya yi ta kukan abin da ake yi wa jama'arsa har aka kashe shi a hanya a watan Mayu 2014. Maharba da 'yan banga sun shiga gaba tare da sojoji aka ƙwato Mubi. Da 'yan gudun hijira suka kwararo Yola da Jimeta, mafi yawansu ba a sansani suka kwana ba, a gidajen mutane suka kwana, gida mai ɗaki uku ya ɗauki mutum talatin ko fiye. Bishop Stephen Mamza ya buɗe harabar cocin St. Theresa, daga baya ya gina wa 'yan gudun hijira gidaje 86 a Sangere-Marghi, ya haɗa musu da masallaci. A Jihar Filato, ranar 23 ga Yuni 2018, Liman Abdullahi Abubakar na ƙauyen Nghar ya ɓoye mutum 262, akasarinsu Kiristoci, a gidansa da masallacinsa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su.

Waɗannan sunaye ya kamata kowane yaro ya haddace. Amma a yi hattara da tarkon da Jamusawa suka faɗa. Kada a ce tunda muna da Liman Abdullahi shi ke nan an gama magana. A gaya wa yaro cewa akwai kuma wanda ya nuna gidan maƙwabcinsa, akwai wanda ya sayar wa 'yan ta'adda mai da abinci, akwai wanda ya kwashi kayan shagon da mai shi ya gudu, akwai masu yawa da suka kulle ƙofa suka yi shiru saboda tsoro. In ba a faɗi wannan ba, jarumtar limamin ba ta da ma'ana, domin ba a san abin da ya ƙi yi ba.

Mun san abin da za a ce. Na farko: a bar kaza cikin gashinta, tone-tone fitina yake kawowa. To ai an gwada. An ƙare yaƙi a 1970 da cewa babu wanda ya yi nasara babu wanda aka ci, aka rufe bakin kowa. An kafa kwamitin Oputa a 1999, ya karɓi ƙorafi fiye da dubu goma, ya miƙa rahoto a 2002, gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba. An cire tarihi daga aji. Shin zaman lafiya ya ƙaru? Yaran da suka taso cikin wannan shiru su ne yau suka fi kowa zafin ƙabilanci a intanet. Miki in an rufe shi ba a wanke ba, ruɓewa yake yi.

Na biyu: ai wake ɗaya shi ke ɓata gari. Wannan karin magana gargaɗi ne ga mai gida ya kula da tarbiyyar gidansa. Ba izini ba ne ga baƙo ya zo ya zubar da garin duka. Addinin da mafi yawanmu ke bi ya yanke wannan magana tun tuni, cewa babu ran da ke ɗaukar nauyin zunubin wani. A ƙissar Annabi Yusuf, da 'yan uwansa suka roƙi a riƙe ɗayansu a madadin wanda aka sami kayan a wurinsa, ai bai yarda ba. Dokar ƙasa ma haka ta ce.

Na uku: su fara amsa nasu laifin tukuna. In kowa zai jira kowa, har a busa ƙaho ba a fara ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kuma wanda ya iya faɗin abin da aka yi a Kano a Oktoba 1966 da abin da sojojin tarayya suka yi a Asaba a Oktoba 1967, shi ne bakinsa zai yi nauyi in ya tashi maganar Uromi.

Na huɗu: yara ne, ba za su iya ɗauka ba. Yaron da ke kallon bidiyon gawarwaki a wayar yayansa fa? Abin da ya rasa shi ne babban da zai zaunar da shi ya yi masa bayani.

Saboda haka ga abin da muke nema daga Ma'aikatar Ilimi ta jiha, da hukumar ilimin matakin farko, da masu makarantu masu zaman kansu, da malaman Islamiyya, da mu iyaye.

A koyar da tarihi da sunaye da ranaku da wurare. Duk jimlar da ta fara da "Fulani sun", "Igbo sun", "Bachama sun", "Hausawa sun", malami ya tsayar da ɗalibi ya tambaye shi: su wa? A ina? Yaushe? Wa ya gaya maka?

Kowane darasi na rikici ya zo da mutum huɗu: wanda ya aikata, wanda aka yi wa, wanda ya tsaya kallo, da wanda ya ƙi. In aka cire ɗaya, darasin ya gurgunce.

A fara da gida. Yaron Jimeta ya san Lamiɗo Zubairu da Hamman Yaji da 1984 da 2014 kafin a kai shi Mungo Park. Kayan aiki suna nan: littafin Farfesa Sa'ad Abubakar kan Lamiɓen Fombina da aka buga a 1977, da takardun da ke ajiye a Arewa House da gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, da malaman Jami'ar Modibbo Adama da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Yola. A fassara abin da ya kamata zuwa Hausa da Fulfulde da sauran harsunanmu. A kai ɗalibai Sukur, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya tun 1999, su ji labarin daga bakin masu shi.

A naɗi muryoyin dattawa tun suna raye. Wanda yake da shekara 20 a 1966 yau ya kai 80 ko ya kusa. Akwai gidajen Arewa da suka ɓoye maƙwabtansu Igbo a wancan lokaci, suka raka su tasha, wasu ma suka riƙe musu gidajensu da kuɗin haya har suka dawo bayan yaƙi. In waɗannan tsofaffi suka tafi da labarinsu, sai na masu kisa kaɗai ya rage. Wayar da ke hannun kowane matashi ta isa wannan aiki, kuma ƙungiyoyin unguwa irin tamu su ne suka fi dacewa su fara.

A ƙara yawan malaman da ake horarwa, a kuma ba su kariya. Malamin da ke tsoron a kai ƙararsa wurin mai unguwa ko fasto ko liman saboda ya faɗi abin da ya faru, zai koma lissafa sunayen gwamnoni ya tashi aji.

A ƙarshe, 'yan uwa, wannan shafin ma aji ne. Kafin ka tura bidiyo, kafin ka rubuta "duk halinsu ɗaya", ka tuna akwai ɗan uwanka da ke tura baro a Onica ko yake sayar da tsire a Benin, wanda ransa ya dogara ga mutanen can su ƙi yarda da irin wannan jimla a kansa. Abin da muke roƙo a yi masa, shi za mu yi wa na wasu da ke zaune a cikinmu.

Waiwaye adon tafiya. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasa rayukansu ba da haƙƙinsu ba, Ya ba mu ƙarfin halin faɗin gaskiya ko a kan kanmu ne, Ya zaunar da Adamawa da Najeriya lafiya. Amin.

Sakataren ƙungiya,
Ajiya, Jimeta.